Sharaɗin Mode Maɗori

Duk wanda ya zauna Dinawa a zamanin Turawa ya san Mode maɗori. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don mutum ne da Allah bai koya wa faɗa a hankali ba. Ɗori gadon gidansu ne. Kakansa ya yi, ubansa ya yi, shi ma tun gemu bai tsiro masa ba yake danne wa ubansa ƙafafun mutane ana ja. Daga Wurno har Rabah, in jaki ya ka da mutum, ko katanga ta rufto masa, ko sa ya take makiyayi, zauren Mode ake nufa. Ya shafa, ya lalubo inda ƙashi ya rabu, ya sa ƙarti su riƙe, ya ja, ya jera karan dawa ya ɗaure da tsumma, ya yi tofi. Hannunsa yana da sa'a, wannan ba gardama. Sa'ar nan kuwa ita ta zame masa abin haushi har tsufansa.

Jaki da katanga ba su taɓa ɓata masa rai ba, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. 'Yan kokawa ne ciwon kansa. Da an gama girbi, gero ya shiga rumbu, ciki ya ɗauka, sai samari su ɗaura walki su cika bakin kasuwa. Fagen nasu kuwa fako ne mai tauri, ga tsakuwa, ga kututturen dawa a gefe ba wanda ya damu ya tumɓuke. Mode ya yi magana har bakinsa ya gaji. Ya ce a koma kan rairayin gulbi, inda in an ka da mutum zai tashi ya kaɗe jikinsa. Aka ce da nisa, 'yan mata ba za su je kallo ba. Ya ce to a kwaso rairayin a jakuna a zuba. Aka ce wa zai ba da jakinsa ana tsakiyar dashen albasa? Ya ce kada mutum ya taso daga gindin tuwo ya faɗa fage jiki a sandare, ya ɗan zagaya tukuna, ya yi tsalle, gumi ya karyo. Nan ma dariya aka yi, wai Mode yana so ya mai da maza 'yan gaɗa.

Amsar kullum ɗaya ce: "Haba Baba Mode, ai kana nan." Har wani makaɗi marar ta ido ya sa abin a kiɗa, yana zuga samari wai su shiga ba tsoro, karaya ba mutuwa ba ce tunda Mode yana da rai. Ran da Mode ya ji wannan sai da aka rirriƙe shi.

"Ku ji mani mutanen banza!" in ji shi. "Ni ɗori nika yi, ba halitta ba. Ƙashi in ya karye, ko na ɗora shi, ba shi komawa awa yadda Allah yay yi shi. Mi za ni ce muku ku ji?"

Ba su ji ba. Haka shekaru suka yi ta tafiya, yana ɗori yana zagi, suna shan zagi suna godiya, su warke su koma.

Sai Allah ya jarrabe shi da suruki ɗan kokawa. Lauwali ke nan, wanda ya auri Asabe, autar Mode. Ita ta ce shi take so, uban ya yi tsakinsa ya ba shi. A gaskiya Lauwali ba abin ƙi ba ne. Manomi ne na ƙwarai, ga ladabi, bai taɓa wuce zauren Mode da takalmi a ƙafa ba. Amma a duk ƙasar Wurno ba mai kai bayansa ƙasa, kuma da ya ji an buga takensa hankalinsa ya tafi ke nan. Shekarun nan ne ake ɗibar samari ana tura su haƙar kuza, an tafi da ƙannensa duka. Shi kaɗai ya rage wa gandun gidansu, ga tsohuwarsa, ga Asabe da goyo. Ƙafar Lauwali ita ce abincin gidan nan, kowa ya sani, in ban da mai ƙafar.

Kakar wannan shekara, a fagen bakin kasuwa, ƙafarsa ta sarƙe da ɗaya daga cikin kututturen da Mode ya gaji da magana a kansu, abokin karawarsa ya faɗo masa a kai, ƙwauri ya karye. Aka kawo shi zaure. Da wani ne da ya sha zagi tun daga kakansa. To amma suruki ne, akwai kunya. Mode ya ja, ya ɗaure, ya yi tofi, bakinsa a rufe, har masu riƙo suna kallon juna. Da ya gama sai ya juya ya fuskanci bango ya ce, "Ƙashin ga sai damana ta hwaɗi kahin shi ɗauki nauyin wani ƙato. Tahiya dai za ka yi, sannu sannu. Ban da hwage."

Lauwali ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Mode ya san wannan "to". Ita ce wadda suruki ke yi ko an ce masa ya haɗiye tabarya. Ba ta da nauyin komai.

Aka kwana biyu Lauwali ya fara dogara sanda, aka ƙara ya jefar da ita. Sai ga labari, wai wani Bature mai rangadi zai sauka Goronyo kuma yana sha'awar ganin kokawa, kowane gari ya kawo gwaninsa, wanda ya yi nasara a ba shi bargo. Bargo fa! Nan da nan mai garin Dinawa ya ƙaunaci dubiya, safe yana gidan Lauwali, yamma yana gidan Lauwali, yana tambayar ya ƙarfin jiki. Ba a daɗe ba Asabe ta zo gidan ubanta idonta jawur.

"Baba, turmi shika ɗagawa bayan ɗaki, wai gwada ƙahwa. Jiya na iske shi shina shahwa ma walki mai. Ka yi mashi magana."

"Na yi."

"Ka yi wadda za shi ji."

Maganar ta tsaya wa Mode a rai. Ya zauna yana ta saƙawa. Shekara da shekaru yana faɗa wa mutanen nan gaskiya tsirara, ko a jikinsu. Amma su ɗin nan dai, in mai magani ya ce kada su ci naman akuya layarsu za ta karye, sai su shekara ba su ko shinshina romo ba. Ashe ba kunne ne ba su da shi ba, abin da kunnen ke ji ne daban. To, shi ma zai yi musu da yaren da suke ji.

Ya aika aka kira Lauwali, ya tara dattawa biyu don su zama shaida. Ya gyara murya, ya ce ɗorin gidansu yana da wani sharaɗi da bai taɓa faɗa ba, don bai taɓa ɗora wa suruki ba sai yanzu. Duk wanda ya auri jinin gidan aka yi masa ɗori, ba ya taka fage sai ya ji tsawar farko ta damina. In ya taka, masu gidan da ba a gani za su kwance abin da suka ɗaure. Ƙarya ce tsagwaronta, a zauren nan ya ƙaga ta. Amma sai ga fuskar Lauwali ta canza, ya ce, "Wallahi ban sani ba, Baba." Ranar ya rataye walki. Mode ya yi istigfari a kan ƙaryar, amma a ransa daɗi ya ji, har yana cewa da ya san haka abin yake da tuni ya huta.

Abu ɗaya ya manta, shi da aka haifa a garin: a wurin mutanensa kowane asiri yana da makari. Ƙashin da bai warke ba, ba wanda za a kai wa kuka. Amma sharaɗi? Ai wannan mai sauƙi ne. Mai gari da kansa ya ba da jar akuya, aka ja ta har Maikujera wurin wani mai magani, Mainasara. Mainasara bai taɓa jin wannan sharaɗi ba, ina zai ji shi? Amma akuya tana tsaye a ƙofarsa, sai ya gyaɗa kai ya ce ya san shi sarai, tun zamanin kakan Mode suke karya irinsa. Ya ba da turare, ya ba da laya a ɗaura daidai kan karayar.

Mode bai san wainar da ake toyawa ba, yana can wata ruga yana fama da kafaɗar wani makiyayi. Ya dawo ya tarar da Asabe tsaye a ƙofar zaure da goyonta, ta ce Lauwali da mai gari sun tafi Goronyo tun jiya. Bai ko sha ruwa ba ya juya jakinsa. Abin da jakin nan ya ji a hanya na zagi, na mai gari ne da na Mainasara da na Bature da bargonsa, shi dai ya ɗauka a madadinsu.

Da la'asar ya isa, kasuwar Goronyo ta watse ta koma fage. Ga Bature can a inuwa kan kujerarsa ta naɗi, ga tafinta a tsugune kusa da shi, ganguna suna tashi. Mode ya kutsa yana ture mutane da gwiwar hannu. Ya hango Lauwali a tsakiyar fage, jiki yana sheƙi, ga laya ɗaure a ƙwauri kamar ita za ta riƙe masa ƙashi. Nan Mode ya yar da kunya ya ƙwala masa kira da sunansa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗaura auren. Kiɗa ya cinye muryar.

Kuma abin takaici, Lauwali ya fi abokin karawarsa, wani ɗan Goronyo, nesa ba kusa ba. Ya shige masa, ya kama ƙugu, ya ɗaga shi sama cak, jama'a suka ɗau sowa. Nauyin ƙarti biyu ya sauka a kan ƙafar. Har inda Mode yake ya ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara.

Bature ya miƙe, ya yi wa tafinta wata magana, aka kawo bargon aka ce a ba shi don tausayi. A cikinsa aka ɗauko shi zuwa gindin wata tsamiya. Mode ya durƙusa ya shafa, tun kafin ya ja hannunsa ya gaya masa wannan karon ƙashin ya farfashe, ƙafar ba za ta koma daidai da 'yar'uwarta ba. Idonsa ya kawo ruwa don baƙin ciki da fushi.

"Mi nic ce maka? Mi nic ce maka, Lauwali?"

Lauwali yana cije leɓe, gumi yana zuba, ya ce, "Ka gahwarce ni, Baba. Mainasara ya ce ya karya sharaɗin."

"Wane sharaɗi! Ban ce maka ƙashin bai ƙosa ba? Tun ranar hwarko ban hwaɗa maka ba?"

"Ka hwaɗi, Baba. Amma daga baya kac ce sharaɗi na. Sai nic ce ashe ƙashin lahiya lau shike, sharaɗin ɗai ad damuwa."

Mode ya juya wajen ƙartin da ke tsaye. Ya sa aka danne, ya ja.

Kafin su dawo Dinawa labari ya riga su. Daga Goronyo har Wurno ba zancen da ake yi sai na sharaɗin Mode, wanda ya gagari Mainasara da jar akuyarsa. Daga ranar, duk ɗan kokawar da Mode ya ɗora wa, suruki ne ko ba suruki ba, ko ɗan yatsa ne ya goce, sai ya zauna daram yana jiran tsawa. Mode ya yi ta rantsuwa cewa ba wani sharaɗi, shi ya ƙaga abinsa, ƙashi lokaci kawai yake so. Sai su yi murmushi su ce Baba ba ya son a san asirin gidansu. Ya ce to tunda yanzu ana jin maganarsa a zuba rairayi a fage. Aka ce wannan ai ba ya cikin sharaɗi. Har ya koma ga Allah ba a zuba ba, kuma bai fasa faɗa ba.

A shekarar da abin ya faru, damina ta faɗi. Lauwali ya tashi, amma ƙafar ta gajarce ta karkace, ba ya iya nome kunyar gona guda sai ya zauna. A al'ada suruki ne ke kai wa uban matarsa gayya. Wannan shekarar mutanen Dinawa suka ga abin da ba su saba gani ba, Mode da furfurarsa ya saɓa fartanya ya nufi gandun surukinsa, ba wanda ya yi ƙarfin halin tanka masa.

Da rana ta take Asabe ta kawo masa fura a gona. Ta durƙusa ta ajiye. Tun dawowarsu daga Goronyo gaisuwa kawai ke haɗa su, shirun nan kuwa ya fi damunsa fiye da ciwon baya. Ya sha, ya goge baki, ya nemi abin da zai faɗa mata ta ji sanyi.

"Kin ga dai yanzu suna jin magana," in ji shi. "Bana ba wanda yas sake karyewa."

Asabe ta ɗauki ƙwaryar ta gyara goyonta.

"Na gani, Baba. Kowa ƙahwatai ta miƙe garin ga, sai ta gidana."

Ta juya ta tafi. Mode ya bi ta da kallo har ta shige cikin gero, sannan ya tofa yawu a tafin hannu ya duƙa, don ko rabin gonar bai kai ba.