Bawul a Kan Teburin Ummi

Motar marigayi kakanmu ta tsufa har maƙwabta a unguwarmu ta Jarwal, nan Makka, suna gane tarinta tun daga kan kwana. Amma ita kaɗai Kaka ke yarda ta shiga, ita ke kai ta Harami duk Juma'a tunda ƙafafunta suka gaza. Tasi kuwa, ko kyauta ba ta so.

Wata rana muna dawowa daga Aziziyya motar ta mutu a tsakiyar titi. Baba ya murɗa makulli, inji ya juya sakayau, babu nauyi. Bel ɗin taimin ne ya tsinke, wanda ke hana fistan da bawul yin karo a cikin inji. Baba ya ce in bawul kaɗai suka lanƙwashe da sauƙi, in kuwa fistan ya fashe sai tashlih, maƙabartar motoci. Aka jawo motar gida. Ranar Kaka ko tuwo ba ta taɓa ba, ni kuma tausayinta ya hana ni sakat.

Baba ba bakanike ba ne, amma wa ya isa ya gaya masa? Washegari ya kwance kan injin, ya hauro da bawul ɗin cikin tsumma, ya zube su a teburin gilashin mahaifiyata, wanda ko kofin shayi ba a ɗora wa.

Ummi ta dafe ƙirji. "Haram alaik, Alhaji! Teburina?"

"Haƙuri, gilashi ne kaɗai ba ya ƙarya."

Ya riƙa gangara su. Mai lafiya ya tafi sumul, lanƙwasasshe yana ɗingishi. Kafin ka ce kwabo Kaka ta karɓe aikin, tana ware su kamar mai tsintar shinkafa, Ummi na bin bayanta da tsumma tana mita.

Saura fistan. Kaka ta ce sai ta gani da idonta, muka riƙo ta har ƙasa. Baba ya goge baƙin hayaƙin da ke kan fistan ɗin, sai ga 'yan tabo inda bawul suka sara. Ya bi su da farce, ya haska, ya sake bi. Babu fashewa.

Kaka ta sa yatsa ta shafa, sannan ta shafa tsagen kumatunta.

"Wanga ai tsage ne. Ni ma da nawa na taho daga Sakkwato, bai hana ni isowa Makka ba. Maida mata kanta, Juma'a ta kusa."

Ta juyo gare ni. "Ke kuma, ina tuwon nan na jiya?"