Shekara Taran Kanae a Tsibiri

Shiomi Kanae 'yar mai awara ce. Tun tana ƙarama take son likitanci, amma cinikin awara ba ya kai yaro makarantar likitoci. Sai gwamnatin lardinsu ta ranta mata kuɗin karatu bisa sharaɗi: in ta gama, ta yi shekara tara tana aiki inda likitoci ke gudu, a yafe mata bashin. In kuwa ta tsere, ta biya kuɗin ƙasarsu, yen miliyan ashirin da 'yan kai.

Aka tura ta wani ɗan tsibiri mai mutum ɗari huɗu, rabinsu sun haura saba'in. Ta sauko daga jirgin ruwa tana jiri, ta sheƙa amai a gaban masu tarbarta.

"Wannan ce likitar?" in ji Tokuzo, wani tsohon masunci. "To, a fara nemo mata likita tukuna."

Mako biyu ba wanda ya leƙo asibitin sai mage. Harue, nas ɗin wurin, ta ce, "Likita, mutanen nan ba sa zuwa sai an ɗauko su ranga-ranga. Bin su za ki yi."

Kanae ta rataya jaka. Kullum da safe tana bakin ruwa, masunta na gyaran koma tana auna jininsu.

"Baba Tokuzo, jininka ya hau. Ka rage gishiri."

"'Yar nan, shekarata tamanin cikin ruwan gishiri. Sai dai ki rage wa teku."

Ya dai rage, a ɓoye. Ta zare ƙugiyoyi daga yatsu ba iyaka, ta karɓi haihuwa huɗu. Kyautar kifi da lemo kuwa, har ta rasa inda za ta zuba.

Shekara tara ta cika. Ranar da takardar yafe bashin ta iso, ta karanta sau uku, ta buga wa mahaifinta waya. Tsohon sai dariya yake ta yi.

Mutanen tsibiri suka haɗa mata liyafar ban kwana, kowa fuska a murtuke. Ta miƙe ta ce, "Tafiya kam zan yi, amma ta shekara guda. Yanar ido ta hana rabinku gani, kun ƙi zuwa birni. Zan je in koyo aikin cire ta."

Bazara na zagayowa sai ga ta da akwatunan kayan aiki. Wadda aka fara yi wa aikin ita ce Ume, matar Tokuzo, wadda ta shekara goma tana lalube. Washegari Kanae ta cire mata bandeji a hankali. Ume ta ƙifta ido, ta dubi taga, ta juyo ta ƙura wa mijinta ido.

"Kai, Tsoho! Yaushe ka yamutse haka?"

"Likita," in ji Tokuzo yana share hawaye, "mayar mata da bandejin nan."