Ƙarfen da Kaka Ke Kankare Tukunya da Shi

Bayan sadakar arba'in ta Kaka, da mata suka zauna rabon kayan girkinta, hannuna ya faɗa kan wani ƙarfe a ƙasan kwando, tsakanin muciya da maburgi. Falle ne siriri, a lanƙwashe kamar lauje marar kaifi, da huda biyu a gindinsa. Gefensa ɗaya ya cinye saboda shekarun da ya yi yana kankare ƙanzo. Matan suka ce a jefar. Na sa shi a jakata, domin a duk ɗakin ni kaɗai na san daga inda ya fito.

Mai karatu, zan gaya maka abin da na gani, in ware shi daga abin da aka gaya mini. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Gidanmu a Zangon Paraku gidan kafintoci ne. Kakana na wajen uba da zarton hannu ya yi suna, yana yin ƙofofi da allunan makarantar allo. Rumfar aikin tana jingine da bangon zaure, saboda haka ƙamshin dusar katako muke shaƙa tun daga farkawa. Da damina, in an kawo itacen tik ɗanye daga ƙauyukan Seru, ƙamshin yakan yi nauyi, ya kama tufafi, har a ruwan randa mukan ji shi. Ina da shekara bakwai ko takwas Baffa, ƙanen mahaifina, ya kawo injin tsaga katako daga Kwatano. Tebur ne na ƙarfe, faifan zarto mai haƙora yana leƙowa ta tsakiyarsa. A kan faifan akwai murfi, a bayansa kuma akwai wannan lanƙwasasshen ƙarfe, wanda a gidanmu ake kira wutsiya.

Murfin bai yi mako guda ba. Kakana ya ce shi ba ya amincewa da kaifin da ba ya gani, aka kwance aka rataye a ƙusa. Wannan na gani da idona. Wutsiyar kuwa aka bar ta, ina jin don ba ta tsare wa kowa gani.

Baffa ne mai wasa da ni a gidan. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Yakan tara mini gutsattsarin katako in gina ɗakuna, in na wuce da kwanon koko ya ce, "Uwata, yau ma ɗanki za ki bari da yunwa?"

A ƙarshen wata damina aka ba su aikin bencinan ɗalibai kafin a koma makaranta, kwanaki kuma sun ƙure. Faifan ya dakushe, aka kwance shi aka kai wa mai wasawa. A ranar ce Kaka ta nemi ƙarfenta na kankare tukunya ta rasa, ta ce mini, "Takwara, leƙa rumfar mazan nan ki samo mini wani abu mai baki. Tarkace ba ya ƙare musu." Na shiga, babu kowa, sun tafi la'asar. Na ga wutsiyar a kan benci, da kusoshinta biyu a gefe. Na ɗauka na kai mata. Ta gwada a gindin tukunya, ta ce ban taɓa yin aikin hankali irin na yau ba.

Da safe na kai musu koko, na tarar an mayar da faifan, mahaifina yana ɗaga katakai yana dubawa.

"Ina wutsiyar nan ta shiga?"

Kakana ya ce, "Ku bar neman abin da ba ya yanka komai. Tun ba a haife ku ba nake tsaga katako, wace wutsiya gare ni? Ku kunna, rana tana yi."

Mahaifina ya bar neman. A gidanmu ba a mayar wa tsoho magana sau biyu. Ni kuwa na yi shiru, ina tsaye da kwano a hannu, na san inda take, taku ashirin daga wurin. Tsoron faɗa ne ya hana ni, ko kuwa ganin Kakana ya ce ba ta da amfani? Na juya wannan tambaya shekara da shekaru, ban samu amsar da zan iya rantsewa a kanta ba.

Abin da ya faru da hantsi ban gani ba, ji na yi. Kukan injin ya canza, ya yi ƙasa kamar an shaƙe shi, sai wani abu ya daki kwanon rufin rumfar da ƙarfin da ya tashi tantabarun gidan. Sai salati. Da na fito, an riga an naɗe hannun Baffa da rawanin Kakana, ana ɗora shi a babur. Farin rawanin ya rine kafin su kai bakin layi.

Babban yatsa da manuniya ya rasa, na hannun dama. Da ya dawo daga asibiti ya daina cin abinci a tire ɗaya da maza, yana ci da cokali a ɗakinsa, ƙofa a saye. Na taɓa ganin sa a zaman tahiya, hannun a kan gwiwa, babu yatsan da zai ɗaga. Kakana ya ce ƙaddara ce, ya rufe injin da buhu, bai sake ambaton sa ba har ya rasu. Kafin damina ta zagayo Baffa ya koma Jugu wurin dangin Kaka, ya kama sayar da kusoshi da fenti. Kowace safiya kuma ina jin ƙarar ƙarfen nan a gindin tukunya. Kaka ba ta taɓa sanin abin da ke hannunta ba.

Sai a jami'a, a darasin sarrafa katako, na fahimci aikinsa. Ɗanyen itace, in ana tsaga shi, bakin tsagar yakan koma ya matse a bayan faifan. Haƙoran baya, masu tasowa sama, sai su cafki katakon su wurgo shi, hannun da ke riƙe da shi kuma ya zame zuwa kaifi. Wutsiyar tana zama cikin tsagar ne don ta hana ta rufewa. Na tambayi malamin ko tana hana haɗarin a kowane hali. Ya ce ba kullum ba, amma sau da yawa. Da wannan "sau da yawa" na fita daga ajin.

Mako biyu bayan rabon kayan na shiga mota zuwa Jugu. Na sami Baffa a shagonsa, gemunsa ya yi fari.

"Uwata! An gama boko sai a zo wa ɗa hannu biyu?"

Na ajiye ƙarfen a gabansa, na faɗa masa komai yadda na tsara shi a hanya. Ya ɗauka da yatsunsa uku, ya daɗe yana juya shi, sannan ya yi dariya.

"Wannan ai ni na cire ta tun cikin azumin shekarar. Tana hana ni fitar da gurbi a jikin katako. Na wurga ta ƙarƙashin benci."

"A kan benci na same ta, Baffa. Da kusoshinta."

"To wani ya ɗora."

"Baba ya neme ta da safen."

"Babanki har hularsa yakan nema tana kansa. Ke shekararki nawa a lokacin? Ni ina da gemu, da idona biyu. Wa ya kunna injin, ni ko ke?"

Ban san ko gaskiya ya faɗa mini ba, ko kuwa sauke mini kaya ya yi. Azumin shekarar da ya ambata, in lissafina daidai ne, bai zo kafin aikin bencinan ba. Amma lissafina yana kan tunanin yarinya ne, mahaifina kuma da na tambaye shi ya ce bai tuna ya nemi komai ba.

Muna cikin haka kukan inji ya tashi a bayan shagon. Babban ɗan Baffa, magidanci mai 'ya'ya biyu, shi ma kafinta ne. Na zagaya na leƙa. Faifan tsirara yake, babu murfi, babu wutsiya, yana tura katako da tafin hannu. A wannan karon na yi magana, da ƙarfi har ya ji ni cikin ƙarar.

Ya ce, "Haka na saye shi, 'yar boko. Duk garin nan wa kika gani da wutsiya?"

Baffa ya iso bayana, ya ɗaga hannunsa na dama a gaban fuskar ɗansa, ya ce, "Kashe." Aka kashe. Muka gwada ƙarfen Kaka, hudojin ba su dace ba. Baffa ya ce a kai wa mai walda ya fitar da irinsa daidai injin, kuma kada a kunna sai an ɗaura. Ɗan ya ce yana da ƙofofi shida da za a karɓa jibi. Uban ya maimaita maganarsa. A zamanin Kakana da maganar ta ƙare a nan, yanzu kuwa na ga ɗan yana duban agogo.

Na bar musu ƙarfen. Ina zaune a tasha ina jiran mota ta cika, sai na ji kukan zarto ya tashi daga wajen unguwarsu. Kafintoci suna da yawa a Jugu, ba zan ce nasa ba ne. Na dai kasa kunne har motar ta tashi, ina sauraron ko kukan zai canza.