Mundayen da Na Toshe da Auduga

A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori ina koyarwa a Talata Mafara, kuma ina da wata cuta da matata ke kira haukan tagulla. Tsohuwar tasa, likkafa, zoben azurfa, duk abin da maƙeran da suka ƙera sai na kwaso. Da aka fara tashin ƙauyukan da ruwa zai ci, mutane suka riƙa rage kaya, ni kuwa kakata ta yanke saƙa. Ina gaya wa kaina ceton kayan nake yi kada a narkar da su.

Wata Talata a kasuwa na ji wani sauti mai daɗi a bayana. Wata tsohuwa ce daga wajen Maradun, da mundaye biyu a ƙafa, masu 'yan tsakuwa a ciki. Ban taɓa ganin irin zanensu ba. Na bi ta da naci, Inna kaza Inna kaza, har ta gaji ta yarda ta sayar mini, ta zauna wani maƙeri ya buɗe su. Ban tambaye ta komai ba sai shekarunsu.

Bayan damina na je sabon matsuguninsu neman wasu kayan, na gan ta tafe da gwangwanin madara ɗaure a idon sawu, yana ƙaras-ƙaras. Wani tsoho makaho na biye da ita, ya karkata kunne. Mijinta ne. Ashe tun da idonsa ya tafi, ƙarar mundayen nan yake bi zuwa gona da rijiya. A tsohon gari ko babu su zai lallaba, amma nan bai san ko kututture ɗaya ba.

Kunya ta kama ni. Washegari na dawo da mundayen, muka gaisa, na ajiye su gabansa. Ya shafa, ya girgiza ɗaya, ya turo mini su.

"Malam, mai da abinka," in ji shi. "Wata ukku ina hwaɗuwa kahin kunnena ya san gwangwanin ga. Ƙarhin sake koyo ya ƙare mani."

Na roƙi tsohuwar. Ta ce, "Ka ji abin da yac ce."

Suna nan cikin kabad ɗina har yau, sun fi duk abin da na tara kyau. Sai dai na cusa musu auduga, don ko an bugi kabad ɗin kada su yi ƙara.