Kawu Nicanor Mai Shuka Ruwa

Ni magini ne, ba ni da lokacin dogon zance. Abin da hannu ya yi shi nake dubawa. Shi ya sa na daɗe ina raina Kawu Nicanor.

Garinmu Benijara a maƙale yake jikin dutse, dusar ƙanƙara bisa kanmu, teku can ƙasa. Daga saman dutsen akwai wata magudanar ruwa ta ƙasa zalla, wadda Musulmin da suka zauna nan suka haƙa tun ba a gina cocinmu ba. Shekara arba'in Nicanor yana kula da ita. Da ƙanƙara ta fara narkewa sai ya hau da alfadari da fartanya, ya bi magudanar yana fasa gefenta, ruwa yana malala cikin ciyawa yana ɓacewa. Wai shuka ruwa yake yi.

Shekarar da ya karye a ƙugu, manyan gari suka ba ni aikin shafe magudanar da siminti don ruwa ya daina lalacewa. Na yi aiki mai kyau, ko ɗigo ba ya fita.

Cikin watan Yuli idon ruwan tsakar gari ya ƙafe. Kaka da kakanni ba a taɓa ganin haka ba. Ɓaure ya soma zubar da ganye, mutane suka soma maganar ƙaura zuwa birni.

Na iske Nicanor a ƙofar gida yana cin burodi da man zaitun.

"Ɗan Encarna," ya ce, yana kira na da sunan mahaifiyata, "an ce ka ɗinke wa dutse baki."

"Kawu, yoyo na toshe."

"Yoyo! Kai da jaki sai dai a duba kunne. Dutsen nan shi ne tulunmu. Abin da ka ba shi a Afrilu, shi yake maido maka lokacin zafi."

Da Afrilu ta zagayo muka ɗora shi kan alfadari muka hau. Yana nunawa da sanda, ina fasa simintina da guduma, har wuri bakwai. A na ƙarshe ya ce, "Wannan na tsakar gari ne. Nan da kwana saba'in zai fito."

Ina kallo ruwa ya shige ƙasa, ga gari can nesa kamar tafin hannu.

Ranar kwana saba'in da biyu ina wucewa da baro, sai na ji bututun idon ruwa yana tari kamar tsoho. Sai ga ruwa, sanyinsa har cikin haƙori. Na ajiye baro, na cire hula.

Nicanor ya ɗaga murya daga kujerarsa a gefen idon ruwan: "Kwana biyun nan da aka ƙara, simintinka ne ya cinye su."