Makiyayin Sifaniya da Idon Kawu Sule

Ranar da za a zauna rubuta tarihin hulɗar ƙasar Katagum da nahiyar Turai, ina roƙon masu alƙalami kada su fara da Turawan mulki. Su fara da bencin gaba na gidan kallon ƙwallo da ke bayan kasuwar Azare, inda kawuna, marigayi Malam Sule malamin dabbobi, ya shafe shekara goma sha bakwai yana sa ido a kan aikin wani ɗan Sifaniya da bai san ana sa masa ido ba.

Ku da kuka zauna da shi kun san dokarsa. Kawu ba ya kallon wasa kai tsaye. Ya ce mai shekarunsa in an yi isha'i sai shimfiɗa. Maimaicin da ake sawa washegari bayan la'asar yake kallo, saboda haka daga asuba har zuwa lokacin an haramta wa duk unguwa ta nuna ta san abin da kowa ya riga ya sani. Ba a murmushi a gabansa, ba a ɓata rai. Ilu mai aski ne ya taɓa mantawa, yana tsakiyar yi masa aski ya ce, "Malam, barka da arziki!"

"Da me?"

"Au... da... da wayewar gari lafiya."

"Ilu, ka cinye min la'asar."

Ya miƙe da rabin kai a aske, ya kifa hula, ya fita. Wata uku yana hawa mota har garin Yana don aski.

Ɗan wasan ba zan faɗi sunansa ba, don Kawu ma bai taɓa faɗa ba. Makiyayi yake ce masa. Ɗan tsakiya ne, siriri, ba gudu, ba tsawo, ba ya cin ƙwallo sai bisa kuskure. Kawu ya fara ganinsa yana ɗan saurayi a wani ƙaramin kulob, an sako shi saura minti goma a tashi. Ya taɓa ƙwallo sau huɗu, sau uku baya ya mayar da ita. Matasa suka yi tsaki. Kawu kuwa, da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa shanu allura a rugagen Gadau, ya buga cinya ya ce, "Wallahi wannan ya taɓa kiwo!"

Na ce, "Kawu, a Sifaniya?"

"Kai dai malamin makaranta ne, Aminu, sai abin da ke rubuce kake gani. Dubi tsayuwarsa. Makiyayin kirki ba ya bin garke a guje. Yana tsaye a tsakiya, ya juya wannan, ya tare wancan, sai ka ga shanu sun isa rafi ba su san wa ya kai su ba. Waɗancan masu gudun ai maruƙa ne."

Daga nan ya ɗauke shi riƙo. Da yaron ya koma babban kulob, Kawu ya raba goro a masallaci. Da aka kira shi tawagar ƙasarsa, ya ce an makara. Da ya karya gwiwa kuwa, sai ga Kawu a ɗakin malamai na makarantarmu da kwalbar man shafawa irin wanda yake haɗa wa bijimai, ya ce in ɗauko takarda.

"Rubuta masa da Turanci. Ka ce kada ya bari su yi masa gaggawa. Bijimi ma sai ya yi wata uku a ɗaure."

"Kawu, su Sifaniyanci suke ji."

"To, rubuta da shi."

"Ban iya ba."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Shekara huɗu a jami'a, Aminu. Me kuka yi a can?"

Wasiƙar ba ta tafi ba. Gwiwar ta warke, kuma har ya rasu Kawu yana ganin niyyarsa ce ta isa.

To, duk wannan abin dariya ne, sai da maganar ido ta shigo. Yanar ido ce ta fara rufe masa na hagu, ta tsallaka dama. Ya daina gane mutum sai ya yi magana. A gidan kallo ya bar benci ya koma kan ɗan kujera dab da talabijin, hancinsa kamar zai shiga fili. Wata la'asar na ji yana ta yabo: "Ka ga nutsuwa! Ka ga bai ko taɓa ƙwallon ba amma kowa shi yake kallo!"

Na raɗa masa, "Kawu, alƙalin wasa ne."

Bai ko juyo ba. "To, shi ma ya iya tsayuwa."

Muka kai shi asibiti da lallami. Likita ta ce aikin ba wuya, a cire yanar ya ga gari tas, amma in aka bar ta ta wuce lokaci za ta iya tafiya da idon gaba ɗaya. Kawu ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya ce ba yanzu ba. Yana da aboki a Shira da wani mai maganin yawo ya taɓa wa ido da tsinke, bai sake ganin rana ba. Mun yi bayanin bambancin likita da mai tsinke har muka gaji.

"Na ji," in ji shi. "Amma duk wanda zai taɓa ido, mutum ne. Dishi-dishin nan ya ishe ni in ga Makiyayi. Na ga farkon aikinsa, zan ga ƙarshensa. Ranar da ya rataye takalmi, ku kai ni ku yanka."

Makiyayi a lokacin ya haura talatin. Na yi lissafi na ce wa matar Kawu, Hajiya Dudu, ta kwantar da hankali, shekara ɗaya ce ko biyu. Kaico, ban san halin masu mayar da ƙwallo baya ba: ba sa gajiya, don ba sa gudu. Babban kulob ya sallame shi, muka yi hamdala, sai ya tafi wata ƙasa mai nisa. Ya gama can, muka sake ɗaga hannu, sai ya dawo kulob ɗinsa na ƙuruciya. Duk ƙarshen kakar wasa Hajiya takan tare ni a zaure.

"Aminu, tsohon nan na Turai ya ajiye?"

"Ya ƙara shekara ɗaya, Hajiya."

"Shi ba shi da mata ne ta ce masa ya zauna a gida? Jiya Malam ya yi wa turmi sallama!"

Ban taɓa ganin iyali Musulmi masu mutunci sun yi wa bawan Allah fatan rasa aiki kamar yadda muka yi wa mutumin nan ba. Da Kawu ya faɗa kwatar ƙofar gida ya fasa goshi, Hajiya ta ce ƙaryar ceton ido ba ta cikin manyan zunubai, in je in ce an yi ritaya. Na je, na tsuguna, na gyara murya kamar mai karanta sanarwa.

"Kawu, Makiyayi ya ajiye ƙwallo."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

"A tsakiyar kaka?" Ya yi dariya har da tari. "Mutumin da bai taɓa yar da ƙwallo a hanya ba, shi zai bar garke a tsakiyar daji? Tashi, Aminu. Ka ce wa Hajiya ta nemo maƙaryacin da ya san ƙwallo."

Sai da aka ƙara kaka guda. Wata safiyar Laraba ina cikin aji ina koyar da rabe-raben jimla, wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, tana kuka tana dariya. "Ya ajiye! Malam ya ji da kunnensa a rediyo! Ka zo kafin arnen ya canza shawara!" Na bar jimla a kan allo ba aikatau, na hau babur. Na tarar da Kawu a zaure ya riga ya sa babbar riga, rediyo a cinya, idanun nan fari fat suna zubar da hawaye.

"Ka ga mutum mai sanin lokaci," in ji shi. "Ya kai garke gida da kansa, ba a kore shi ba. Nemo mota."

Likita ta duba, ta ce na hagu saura ƙiris ya lalace, amma za a gwada. Awa biyun da muka yi a barandar asibitin nan ana yi masa aikin, ni dai ban taɓa jan carbi da gaskiya irin na ranar ba. Washegari aka kwance bandeji. Kawu ya ƙifta, ya ƙifta, ya dubi taga, ya dubi tafin hannunsa, sannan ya tsaya a kan Hajiya.

"Dudu! Ashe haka kika tsufa?"

"Ka gode wa Allah ba madubi a ɗakin nan."

Ni kuwa na fita waje na zauna a kan dakali.

Shekara huɗu ya yi da idonsa garau. Ya sauke Alƙur'ani da kansa ba a ja masa baƙi ba, ya ga fuskar jikokin da da can muryarsu kawai ya sani, ya je masallaci ba mai riƙe masa hannu har makon da ya kwanta. Ya Allah, Kai da Ka mayar masa da hasken duniya bayan mun fid da rai, Ka haskaka masa kabarinsa, Ka yafe masa taurin kai, mu ma Ka yafe mana ƙaryar da muka yi masa don so. Amin.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa gaya masa ba. Daga baya an yi hira da Makiyayi, ya ce shi ya so ya ƙara shekara biyu. Babu kulob ɗin da ya neme shi ne.