Garin da Kowa Ya San Hanya

A Durumi na girma, a ɗaki biyu da Baba ya kama lokacin yana masinja a wata ma'aikata. Iya, mahaifiyarsa, ta zo daga ƙauye a duba mata ido, sai ta zauna da mu har ƙarshen rayuwarta. Ba ta yarda da risho ba. Murhu ta haɗa a bayan ɗaki, in an idar da magariba ta ɗora ruwan kunu, ni da ƙannena biyu mu zagaye ta, hayaƙi yana sa mu hawaye. Iya ba ta tatsuniyar ban dariya. Takan ce, "Ga wata ta iso. Mai tsoro ya tashi tun yanzu." Ba mai tashi.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wata mata da ta shiga wani gari da rana tsaka, goye da ɗa marar lafiya, tana neman gidan mai magani. Bara gobara ta ci garin, aka sake gini, mai magani ya koma bayan dutse. Ta tambayi maƙeri, ya ce ta bi ta gidan majemi. Majemi ya ce ai ta maƙera ake bi. Kowannensu ya ɗauka hanyar ta wajen ɗan'uwansa take. Ta yi ta kai da komo har la'asar. Da ta sauke goyon za ta ba shi ruwa, ta tarar jikinsa ya yi sanyi.

Na ce, "Iya, mugaye ne?"

"Ko kaɗan," in ji ta, tana gyara itace. "Da zuciya ɗaya suka nuna mata. Ba dai wanda ya taka ya je ya gani."

Yanzu ni injiniya ce a wata hukuma a nan Abuja. Muna da babbar kwamfuta, menfirem, wadda asibitoci ke tambaya kafin su karɓi majinyaci, ta tabbatar musu sunansa yana cikin rajista. Saƙonninsu sukan bi ta na'urorin da muke kira rauta, su kuwa da kansu suke gaya wa juna hanya.

Wata Asabar muka sabunta tsarin, muka cire tsohon layi muka sa sabo, tare da sabuwar rauta. Kafin mu tashi, shugabanmu Malam Bashir ya tambaye ni, "Injiniya, an goge tsohuwar hanyar daga rauta?"

Na ce, "An goge, oga." Na ga Danjuma, abokin aikina, ya daɗe a gaban na'urar, na ɗauka ya yi. Shi kuma ya ji amsata, ya ɗauka ni na yi.

Ranar Litinin waya ta fara ƙara. Asibitoci suna aiko tambaya, ba amsa. Fitilun na'urorinmu duka kore, menfirem lafiya lau. Kwana biyu muna canza wayoyi, muna faɗa da kamfanin da ke ba mu layi. Ban duba tsohuwar hanyar ba, saboda ni na ce an goge ta.

Laraba da safe na bi sawun saƙo guda, mataki mataki. Adireshin rauta biyu na gani suna maimaita kansu har ƙasan allo. Tsohuwar rauta tana shelar cewa ta san hanyar menfirem, sabuwa ta yarda da ita tana miƙa mata saƙo, ita kuma da ta ga layinta a mace sai ta mayar wa sabuwa. Haka saƙo ke yawo tsakaninsu har wa'adinsa ya ƙare. Na goge layin rubutu ɗaya, wato tsohuwar hanyar. Kafin na ɗauke hannu komai ya dawo.

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo daga wata mata. Mijinta yana wankin ƙoda, ranar Litinin ɗin aka ce ya jira a tabbatar da sunansa, Talata ma haka. Ya rasu kafin Laraba. Ba ta zagi kowa ba, so take a gaya mata abin da ya faru. Ban sani ba ko da an yi masa wankin zai rayu. Likita ma ba zai rantse ba.

Ina yarinya na tsani maƙeri da majemi, duk da abin da Iya ta ce. Ban san cewa mutum yana iya yin wannan ɓarna yana mai ladabi, yana gaggawar komawa gida ba.

Malam Bashir ya kira ni ofishinsa, ya ce in rubuta rahoto, kada in sa sunan kowa. "Matsalar na'ura ce," in ji shi, bai dube ni ba. Danjuma yana tsaye a bakin ƙofa, shi ma ƙasa yake kallo.

Haka na rubuta, na sa hannu. Kwafin rahoton aka aika wa matar.